Wuƙa Cikin Faranti

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa mu nan Aliero lafiya lau muke, in anka cire ƙafata ta hagu, da zuciyar Innarku, da kasuwar albasa. Haka anka koya mana buɗe wasiƙa a aji huɗu, kuma kin san daga aji huɗu boko ya sallame ni, ni ma na sallame shi, ba wanda ya bi wani da kallo. Sai ki yi haƙuri da abin da ya samu.

Da wayar da kinka saya min nake rubutu, da yatsa ɗaya, kamar kaza tana tsintar tsaba. Na san akwai masu leƙe ta bayan kafaɗata. Su leƙa. Da ke nake magana.

Ga abin da ya kawo ni. Ƙanwarki Auta ta sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya, ta ce aikinki za ta yi, na ɗakin tiyata, ba wani ba. Innarku ta ce sai dai bayan ranta. Sun jefo min hukunci a cinya kamar garwashi, ni da ko hular da zan sa ranar Juma'a sai na yi shawara. Da kina nan ke zan tambaya. To, ba ki nan, kuma rashin naki shi ne dukan rigimar.

Ke kin san abin da ya sa nake ce miki Uwata, amma bari in tuna miki don masu leƙe su ji. Ke ce ɗiyata ta fari, kuma sunan mahaifiyata kinka ci. Kunya biyu ta haɗu a kaina, ta ɗan fari da ta sunan uwa, har kinka bar duniya bakina bai taɓa furta sunanki ba. Ban goya ki ba, ban riƙe hannunki zuwa makaranta ba. Abin da na iya yi miki shi ne tsokana. A nan kam ban yi rowa ba.

Abu ɗaya na koya miki da gaske, shi ne ladabi. Kin tuna karatuna: “Babba in ya miƙo hannu, ba a barinsa a rataye.” Tun ba ki fi tsawon buhu ba nake aikenki da goro majalisa, ki durƙusa, ki miƙa da hannu biyu, ki karɓi abin da anka ba ki da hannu biyu. Dattawa su ce, “Aji Huɗu, kai dai ba ka da hankali, amma ka haifi mai shi.” In yi ta washe baki kamar ni na ƙera ki.

Da kinka gama karatu anka kai ki ɗakin tiyata, duk Aliero ba wanda ban gaya wa ɗiyata ta zama likita ba. Har direbobin da ke lodin albasa zuwa kudu sun tafi da labarin. Kinka zo kinka rushe min gini. Kinka ce, “Ni ba likita ba ce, Baba. Ni ce hannun likita na uku.” Na ce, ashe duk wanga karatu yaron mahauci na haifa, mai miƙa wuƙa. Kinka yi dariya har mayafinki ya zame.

Sannu a hankali kinka fahimtar da ni. Kin ce kafin ki shiga sai kin wanke hannu har gwiwa, wankin da ya fi alwalar mai waswasi daɗewa. In anka sa miki riga da safar hannu, shi ke nan, hannunki ya bar zama naki. Ba ki sosa hanci, ba ki gyara ɗankwali, ba ki sauke shi ƙasa da cibiya, sai dai ki haɗe shi a ƙirji ki jira. Kin ce aikinki shi ne ki san abin da likita zai nema kafin ya buɗe baki, ki ƙirga duk abin da ya shiga cikin mutum, ki tabbata ya fito. Na ce ashe dai gadon gida ne, mu ma ba mu barin mota ta tashi sai buhu ya cika.

Sai ranar Babbar Sallah. Na kayar da rago, maƙwabta sun kewaye ni, ga abokina Ɗantani, mahaucin nan na Jega, ya zo taya ni fiɗa. Na ƙwala miki kira ki kawo ƙaramar wuƙa. Na miƙa hannu ta baya ko waiwaye ban yi ba, don na san wadda na haifa. Na ji shiru. Na juyo, sai ga wuƙa kwance cikin farantin nan mai shuɗin baki, kin aje shi kusa da ƙafata, kin ja da baya. Hannuna kuwa yana sama kamar na mai tsayar da mota.

Na ce, yau kuma wuƙa ta zama tuwo? Kinka sunkuyar da kai kinka ce, “Kaifi bai san babba ba, Baba.” Kin ce a wurin aikinku duk abin da ke yanka ko suka, aska ce ko allura, ba ya bin hannu zuwa hannu. Akwai ɗan kwano a tsakani, mai bayarwa ya sa, mai karɓa ya ɗauka. Ɗantani ya ce, “Gaskiyarta. Mu ma kan katako muke ajewa. Wanda ya ƙi, ka ce ya nuna maka yatsunsa.” Ni dai na sami abin tsokana. Har naman Sallah ya ƙare Hajiya Faranti nake kiranki, in za ki miƙo min ruwa in ce a dai bi ta faranti, kada ruwan ya yanke ni.

Ba a daɗe ba Allah ya nuna min aikin da idona. Kin tuna, na taso daga Maiyama a babur, wata akuya ta yanke shawarar tsallaka titi ba ta sanar da kowa ba. Akuyar ta wuce lafiya. Ni anka kwashe. Anka yi min ɗori a gida, don mutumin Aliero ya kai karaya asibiti kamar a ce Bakabe masunci ya sayi kifin gwangwani ne. Ƙashi kam mai ɗori ya san aikinsa, amma akwai rauni a buɗe, shi ya riƙa ruwa a ƙarƙashin karan ɗorin. Kinka zo gida, tun daga zaure hancinki ya gaya miki. Ranar ban ga ladabi ba. Kamar buhu kinka sa anka ɗora ni a mota.

Allura anka yi min a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa na zama na wani, amma idona biyu. Uwata, ban taɓa gaya miki ba, tsoro na ji. Ni da ko a gidan makoki sai an yi min ido in rufe baki, na nemi wasa ɗaya a kaina na rasa. Fitila a sama, sanyi, kowa ya rufe fuska. Sai na ga idanunki a saman takunkumi. Idon mahaifiyata ne, ko cikin dubu zan gane shi. Ban san sa'ad da hannuna ya tafi wajenki ba.

Kinka ja da baya taki ɗaya, hannuwanki haɗe a ƙirji. Kinka ce, “Ina nan, Baba. Kada ka taɓa ni.”

Ya yi min zafi, ba zan ɓoye ba. Sau ɗaya a rayuwa na aje kunya na nemi hannunki, kinka hana ni. Amma da anka ja ƙyalle anka tare min gani, sai kunnena ya kama aiki. Ina jin muryarki ƙasa-ƙasa kina cewa, “Kaifi,” sai in ji ƙarfe ya sauka a kwano, ƙwal. Can kuma, “Kaifi,” ƙwal. Likita bai cika magana ba, ke ma haka, kamar masu daka biyu a turmi ɗaya, taɓarya ba ta karo da taɓarya. Da wannan ƙwal ɗin na yi tasbihi har anka gama.

Da anka mai da ni ɗakin jinya kinka zo ba safa, kinka kama babban yatsan ƙafata kina duba ko jini na zuwa. Kinka daɗe riƙe da shi, fiye da yadda aikin ke bukata, na lura. Allurar ba ta sake ni ba, saboda haka ban ji komai ba. Ka ji rabo irin nawa. Sau ɗaya ɗiyata ta riƙe ni, ta riƙe wajen da ba ya ji.

Yanzu na zo inda yatsana ke ƙin tafiya.

Wata mata anka kawo muku daga wani ƙauye ta wajen Karaye, naƙuda ta ƙi, jini ya ɓalle, jikinta zafi kamar tukunya. Ba wanda ya san irin zazzaɓin da ke jikinta, kuma jini ba ya jiran sakamakon gwaji. Kunka shiga da ita. Ba uwar, ba ɗan, duk ba a samu ba. Bayan kwanaki ke ma kinka kwanta. Munka ce maleriya ce, Innarku ta dafa miki ganye. Sai ga mota ta zo da mutane cikin fararen kaya kamar buhunan taki masu tafiya, sunka ce zazzaɓin Lassa ne, sunka tafi da ke inda ake killace masu shi, mu kuma anka ce mu zauna gida ana auna mu.

Da anka sake mu na je. Ta taga anka bar ni in gan ki, gilashi a tsakaninmu. Kin rame har idon nan ya cinye fuskar. Na ce to, Aji Huɗu, abin da ka iya ke nan, yi shi. Na ɗaga murya na ba ki labarin yadda na sayar da albasata kaf, washegari ta yi tsada, kamar kowace shekara, har 'yan kasuwa sun fara bina suna tambaya yaushe zan sayar don su san ranar da za su riƙe tasu. Kinka yi dariya. Na ji daɗi, na ce har yanzu da saurana.

Sai wata nas da ke tsaye kusa da ni ta ce, “Baba, ciwon ya taɓa kunnenta. Ba ta jin ka.”

Ashe bakina kinka gani yana motsi, kinka san ba abin da zai fito daga cikinsa sai shirme, kinka biya ni dariyata tun ba ki ga kaya ba. Na ɗora tafina a gilashin. Ke kuma kinka haɗe hannuwanki a ƙirji, kinka motsa baki. Ni ma ban ji ki ba, amma na san abin da kinka ce. Na taɓa jin sa.

Ba mu wanke ki ba, Uwata. Innarku ba ta ga fuskarki ba. Masu fararen kaya sunka shirya ki, munka tsaya nesa munka yi miki salla, sunka sa ki da hannuwansu masu safa. Na tsaya da nawa hannun biyu, lafiyayyu, ba abin da anka bar su su yi.

Ana zaman makoki wani dattijo ya zo, furfura fes, ya ƙi hawa tabarma, ya zauna a ƙasa wajen takalma. Sai da ya yi magana na gane muryar, likitan nan ne da ya gyara min ƙafa. Shi ma ya kwanta da ciwon, Allah ya tashe shi. Ya jira mutane sunka ragu, ya ce yana da abin da zai sauke.

Ya ce ranar da anka kawo matar Karaye, jini ya cika wurin, ya gaji, hankalinsa duk yana cikin matar. Ya gama ɗinki, maimakon ya sa allurar a kwano sai ya miƙo ta baya, ko kallo bai yi ba. Kwanon yana nan, ya ce, tazararsa ba ta kai taƙi ba. Ya ce, “Da ta bar hannuna a wurin, da na farga. Da ta ce min kwano, da na sa. Amma ta ga hannun babba a miƙe, sai ta karɓa.” Allurar ta huda safa. Kinka canja wata, kinka ci gaba da aiki har anka rufe, sannan kinka wanke kinka kai rahoto. Ya ce tun yana saurayi yake wanga aiki bai ga mai kiyayewa kamarki ba, kuma sau ɗayan nan ne kaɗai. Ya yi kuka kamar yaro.

Mi zan ce masa? Kwana ya ƙare, ko da allura ko ba allura. Na yi imani da wannan. Amma ni na san muryar da ta yi magana a kunnenki a wannan ƙiftawar ido, don ni na sa ta a wurin tun kina kai goro majalisa. Makaranta ta yi shekaru tana koya miki kwano, ni na riga ta. Tarbiyyata ta ci jarrabawa, Uwata. Ni na faɗi.

To, ka ji gidan da Auta ta tashi ta ce ita ma can za ta. Innarku ta ce, “Na ba asibiti ɗaya, ko gawa ba a maido min ba. Ba ni da ta biyu.” Ta ɓoye takalmanki farare a ƙarƙashin gado, Auta ta tono su, tana yawo da su a tsakar gida, sun yi mata yawa, ta cusa tsumma. Ba ta gardama, ba ta kuka, kafiya ce kawai irin ta jakin kakanku. Abin da ta ce min shi ne, “Yaya ta koya min rabin aikin a ɗaki, da cokula da almakashin Inna.” Ashe abin da kuke yi ke nan in kun rufe ƙofa, ni ina zaton hirar samari ce.

In na hana ta, na binne ku biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a ɗaki. In na bar ta, ita ma a gidan nan ta tashi, karatun da kinka sha shi ta sha, daga bakin malami ɗaya. Ba jini nake tsoro ba, ba Lassa ba. Ladabinta nake tsoro.

Shekaranjiya muna ƙofar gida muna yanke ganyen albasa, ni da Ɗantani da dattawan unguwa. Na wasa wuƙa har tana ɗaukar ido. Na ƙwala wa Auta kira. Ta fito ta durƙusa. Na miƙa mata wuƙar, na ɗaure fuska irin ɗaurin da ban taɓa yi ba, na ce ta karɓa ta kai wa Innarta.

Ta dubi wuƙar, ta dube ni, ba ta motsa ba. Na daka mata tsawa, na ce hannuna fa a rataye yake. Dattawa sunka fara salati, wani ya ce 'ya'yan yanzu sai addu'a. Na ga yatsunta sun motsa a kan gwiwarta, sun ɗago kaɗan. Wallahi, Uwata, a raina roƙo nake kada ta karɓa. Sai ta miƙe ta shige gida.

Na zauna da hannu a sama, gaban mutane, kamar wanda anka hana sadaka. Ban sauke ba. Kafaɗata ta fara ciwo. Can sai ga ta, ɗauke da farantinki mai shuɗin baki. Ta durƙusa, ta aje shi a ƙasa tsakanina da ita, ta haɗe hannuwanta a ƙirji. Ta ce, “Sa a nan, Baba.”

Na sa. Ƙwal.

Ban taɓa jin daɗin rashin kunya irin na ranar ba. Ɗantani ya kau da kai, shi kaɗai ya gane. Sauran sunka ce, Aji Huɗu, lafiya, mi ya sami idonka? Na ce albasa ce. Sa'ar manomin albasa ke nan, ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifin hawaye.

Innarku tana bayan ƙyauren zaure, ta ji komai. Har yanzu ba ta yi min magana, tuwo kawai ake dire min kamar an kawo wa fursuna. Amma jiya da safe na leƙa ɗakin Auta, na ga farantin an wanke shi, an naɗe shi cikin ɗankwalin Innarku, an ɗora a kan jakarta. Kin san Innarku, sa hannunta ke nan.

Saboda haka na ce ta tafi. Ni zan raka ta tashar Jega da ƙafata ɗaya da rabi. Na kuma gyara karatuna, ko da yake ɗalibar farko ta riga ta fita: babba in ya miƙo hannu, a fara duba abin da ke ciki. Ban san ko na yi daidai ba. In ta dawo min da ƙafarta, na yi. In kuma ba haka ba, Allah ya sa in riga ta.

Ya Allah, ka yalwata mata kabarinta, ka sanyaya shi, ka haskaka shi fiye da fitilar ɗakin aikinta. Ka karɓi mutuwarta a matsayin shahada. Ka ji ƙan matar Karaye da ɗanta. Ka sauke wa dattijon likitan nan nauyin da ke ƙirjinsa. Ka ba Innarsu haƙuri, ka tsare Auta daga kaifi, da gaggawar manya, da kunyar da ba ta da wuri. Ka haɗa mu a inda ba gilashi, ba safa, in miƙa hannu a kama.

Masu leƙe za su so sunan da za su sa a addu'a, kuma ba a addu'a da Hajiya Faranti. To, bakina dai bai faɗa ba, yatsa ne, shi kuwa bai san kunya ba.

Hauwa'u. Allah ya ji ƙanki, Hauwa'u.

Ni ne ɗanki kuma babanki,
Aji Huɗu mai albasa,
Aliero.